Tagar Benen Alhaji Lawal

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, Nasiru mijin jikata ya sauke wani kwali a ƙofar gidana a nan Ƙanƙara, ya ce in fito in sa albarka. Na ɗauka keken ɗinki ya sayo wa matarsa. Da aka buɗe sai ga zarto na lantarki, mai ɗan tebur da siririn ruwa a tsaye. Wai a waya ya ga ana yanka ado da shi, shi ne ya saya don ya riƙa rage lokaci in ya taso daga makarantar da yake koyarwa. Rage lokaci! Abin da na ciyar da gida da shi shekara arba'in da ɗoriya, yau shi ne abin rage lokaci. Ya jona wuta, ya tura guntun siririn katakon nan na falawud, kafin in gyara zama ya fitar da wata fulawa ya miƙo mini. Abokinsa da ya rako shi ya ce, "Ka gani ko, Baba? Abin ba wuya."

To, tun da ba wuya, ku saurara in ba ku labarin wata taga guda ɗaya. Amma sai na fara gaya muku inda na koya, don kada ku ɗauka ni ma a waya na gani.

Aikin farko da Baba Tanimu ya ba ni shi ne huda. Baba Tanimu kafinta ne a bakin kasuwar Ƙanƙara, kuma a lokacin duk yankin nan shi kaɗai ke yankan ado a katako. Zai zana ganye ko tauraro a jikin allo, ni kuwa in bi kowane gurbi da za a cire in huda masa ƙaramin rami da abin huda na hannu. Shekara guda cur ban taɓa zarto ba, daga huda sai guga. Da na fara ƙorafi sai ya ajiye mini zarton a gaba ya ce bismilla. Zarton ado kamar baka yake, mai zurfin kamu guda, ruwansa kuma bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Kafin azahar na karya guda huɗu. Ya dai miƙo mini mataccen agogon bango da magagari, ya ce in ciro ƙarfen nan da ke naɗe a ciki, in tsaga shi, in fitar masa da haƙora ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu na yi kafin in sami ruwa guda mai yanka. Daga ranar hannuna ya koyi ladabi.

Ku da kuke ganin fulawa ta fito cikin minti biyu, ba ku san cewa wahalar tana cikin ramukan tsakiya ba. Kowane rami sai ka kwance ruwan zarto, ka zura shi ta hudar, ka ɗaure, ka yanka, ka sake kwancewa. Allo mai rami ɗari, sau ɗari ke nan. Sannan dole ka bar wa kowane ganye gadar da za ta riƙe shi, in ka manta sai ka ga abin da ka wuni kana yi ya faɗo maka a cinya. Baba Tanimu ba mai yawan magana ba ne, amma yana da doka guda da yake maimaitawa har ta gundure ni: abin da ka yanka, kai za ka kafa shi da hannunka, kuma ba za ka bar wurin ba sai ka tsaya a inda mai shi zai tsaya ka duba. Ko allon mota ne sai ya bi direba har tasha. Ina ganin wannan tsufa ne kawai da rashin yarda da mutane.

Allon goshin wata babbar mota shi ne aikin da na fara karɓa da sunana. Direban ɗan Sheme ne, ana ce masa Ɗanladi, yana ɗaukar hatsi zuwa kudu. Ya ce zaki yake so a tsakiya. Ni kuwa ban taɓa ganin zaki ba sai a jikin kwalin ashana. Na yi kwana shida a kansa. Da ya zo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haruna, wagga kyanwar lahiya take kuwa?" Na ce zaki ne. Ya ce to zakin nan ya daɗe bai ci abinci ba. Duk da haka ya kafa shi, kuma har motar ta mutu ana kiranta Mai Kyanwa. Ta dalilinsa direbobin Sheme suka san ni.

Sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Da fari mu ma mun sha romo. Duk wanda ya ɗora kwano a ɗakinsa yana son allon iska a saman ƙofa, kowace amarya tana son kabad mai goshin ado da za ta jera kwanukanta. Har gado na yi wa wani ɗan kwangila, wanda ya ce in yanka masa jirgin sama a wajen kai don ya je Makka a cikinsa. A shekarun nan ban san zaman banza ba. Amma kuɗin da suka kawo mu su suka kore mu. Motoci suka fara sauke tagogin ƙarfe daga birni, da gilashin nan mai falle-falle da ake ce wa lubas, da kabad mai sulɓi wanda in ruwa ya taɓa shi sau ɗaya sai ya kumbura. Mutumin da bara yake roƙona sai ya wuce ta gaban rumfata yana cewa katako ai kayan ƙauye ne. Kayan ƙauye! Shi da ko takalmi bai fara sawa ba sai da ya yi aure.

A shekarar da Baba Tanimu ya rasu abin ya kai maƙura. Wata huɗu ban ɗaure ruwan zarto ba. Ina gyaran bencin makaranta, ina sa wa fartanya ƙota, ina ɗaure ƙafar kujera. Har na fara tunanin in bi Ɗanladi in koyi tuƙi. Ana cikin haka, dab da faɗuwar damina, sai ga shi ya tsaya a ƙofar rumfa ya ce mai gari yana nemana a Faskari.

Ga abin da ya faru. Wani Alhaji Lawal, mai sayen hatsi da ya koma ɗan kwangila, ya gina bene, irinsa na farko a unguwarsu. Ɗakin sama yana da taga biyu, ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon bayan gida. Bayan gidan nan kuwa gidan Malam Isiyaku ne, dattijo manomi, abokin Alhajin tun suna yara suna kiwon awaki. Wanda ya zana benen a birni bai san cewa a garuruwanmu katanga iyakarta tsayin mutum ba ne, kuma banɗaki ba shi da rufi. Duk wanda ya tsaya a tagar nan, tsakar gidan Malam Isiyaku a tafin hannunsa take: madafa, turmi, igiyar shanya, rijiya, komai. 'Ya'yan Alhaji samari kuwa suka mai da ɗakin wurin jin rediyo.

Matar Malam, Inna Hajo, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, wadda kullum da hantsi take shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta miƙe ƙafa ta sha rana. Tun ranar da ta ɗaga kai ta ga mutum a sama ta shige ɗaki. Mai gari ya sa aka kulle ɗakin benen, ya riƙe makullin a wurinsa, amma ta ce ita dai muddin tana ganin tagar nan a buɗe tana kallonta, ba za ta zauna a waje ba. Wata biyu ke nan tana ɗaki, surukanta suna girki a ƙarƙashin zana. Malam Isiyaku ya rantse a gaban jama'a cewa ranar da idon wani namiji ya sake faɗawa tsakar gidansa ta tagar nan, ranar zai ɗaure kayansa ya bar gidan da aka haife shi, ya koma wurin ƙanensa a Daudawa. Alhaji Lawal shi ma ya rantse ba zai toshe taga ba, don ɗaki mai rufin kwano in ba iska ta ratsa shi tanda ne. Dattawa biyu, rantsuwa biyu, ko gaisawa sun daina. Mai gari ya rasa yadda zai yi, sai Ɗanladi ya ba shi labarin wata taga da Baba Tanimu ya taɓa yi, wadda iska ke shiga amma ido ba ya sauka.

Na taɓa ganin an yi ta sau ɗaya, ina riƙe wa Baba katako. A gaban mai gari kuwa na buga ƙirji kamar kullum ita nake yi. Alhaji Lawal ya ce, "Kai yaro, ka tabbata? Kada ka ɓata mani katako da lokaci." Malam Isiyaku kuwa ya dube ni sama da ƙasa. Na ce a ba ni mako uku.

Dabarar ita ce a karkata yankan. Ana samun katako mai kaurin yatsa biyu, a yanka kowane rami a gangare, bakinsa na cikin ɗaki yana ƙasa, na waje yana sama. In ka sa ido, sararin sama kawai za ka gani. A faɗa da baki abu ne mai sauƙi. Sai da na je har Sabuwa wurin masu tsaga itace na zaɓo maɗaci busasshe, don ɗanye zai murɗe ya tsage. Sannan ga inda wuyar take. A yankan ado na yau da kullum katako kake juyawa, zarto yana tsaye. A wannan kuwa in ka juya katako, gangaren ya juya tare da shi, wani rami ya kalli sama, wani ya kalli gefe, wani ya kalli ƙasa. Dole ka ɗaure allon a jingine wuri guda, kai ne za ka riƙa juya ruwan zarto da wuyan hannunka, kana yanka bangon kowane rami ɗaya bayan ɗaya. Nasiru ya ce mini teburin injinsa ma yana karkata. Na ce Allah ya ba shi lafiya, ya karkata.

Rami ɗari da sittin da huɗu na yanka, ganye da taurari, babu wanda faɗinsa ya wuce yatsa guda da rabi. Ruwan zarto na kanti ya ƙare a kwana na biyar, na koma bin gari ina neman matattun agogai. Maɗaci yana da ɗaci har a ƙurarsa, na yi kwanaki tuwo ma ɗaci yake mini. Duk ramin da na gama sai in ɗaga allon in leƙa, in ajiye hulata a ƙasa a bayansa, in na hango ta to sai gyara. Kwana goma sha tara na yi. Da na shafa masa mai na jingine shi a ƙofar rumfa, mutanen da ke cewa kayan ƙauye har tsayawa suka riƙa yi. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura.

Ranar Laraba na isa Faskari da allon a naɗe cikin buhu. Mai gari ya ba birkilan Alhaji makulli, wani mutum mai hanzari da aka ɗauko daga birni. Birkilan ya ce sai ya fara cire lubas ɗin da ke wurin, ya gyara bakin tagar, abin zai kai yamma. A daidai nan aka aiko mini cewa wani direba yana jirana a Sheme, yana son allon mota, kuma gobe zai yi kudu. Mutumin da ya yi wata huɗu yana sa wa fartanya ƙota ba ya jin an ce aiki ya zauna. Na nuna wa birkila na ce, "Nan ne sama, nan ne ciki." Ya ce, "Na ji, maigida, wannan ai ƙaramin abu ne." Na tuna dokar Baba Tanimu sarai. Na ce a raina, kafa allo a rami kuma har sai an tsaya a kai?

Na kwana a Sheme, na dawo da sassafe. Na bi ta lungu na hango tagar daga gefe, tana ɗaukar ido. Ɗakin a kulle, makulli ya koma wurin mai gari. Na tarar da Malam Isiyaku a ƙofar gidansa yana gyaran igiyar jaki. Maimakon in gaishe shi in wuce, sai bakina ya ja ni. Na ce, "Baba, an gama. A gaya wa Inna ta fito ta sha ranarta, daga yau ko tsuntsu ne a ɗakin nan ba zai gan ta ba." Ya ce, "Ka diba da idonka?" Na ce, "Ai ni na yanka ta, Baba." Kun ji amsar da na ba shi. Ba ƙarya na yi ba, amma ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Da hantsi muka hau: mai gari, liman, Alhaji Lawal, ni, sai Malam Isiyaku a baya, yana dafa bango, don bai taɓa hawa matakala ba a rayuwarsa. Aka buɗe ɗaki. Iska tana shigowa, taurarin da na yanka suna haske a jikin allon, Alhaji yana ta murmushi. Na ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, bismilla, ka fara dubawa." Har ya taka, saura taki ɗaya tsakaninsa da tagar, sai muka ji muryar Malam daga bakin ƙofa yana haki: "Ranka shi daɗe, a bari in hwara. Gidana ne."

Ya zo ya sa ido a rami guda. Ya daɗe. Ya daɗe har liman ya yi gyaran murya. Sannan ya miƙe, ya juya mana baya, ya tuɓe babbar rigarsa, ya baza ta a jikin tagar ya riƙe da hannu biyu. Daga shi sai 'yar shara. Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Ranka shi daɗe, kahinta na da sauran aiki. Ku sauka ku sha inuwa, a ba mu zuwa la'asar." Mai gari mutum ne mai hankali, bai tambayi komai ba, ya ja liman da Alhaji suka sauka.

Sai a lokacin na lura da hasken. Ya kamata rana ta zubo ta ramukan ta sauka a daɓe. Ban ga komai a daɓen ba.

Malam ya ce, "Yaro, matso. Kada ka ɗaga kai." Na matso ina kallon ƙafafunsa. Ya ce, "Tagarka ƙasa take kallo. Kowane rami kamar an auna shi da tabarmarta. Tana nan zamne, ba ko ɗankwali." Na kai hannu zan ɗaga gefen rigar, don ban yarda ba. Ya daka mini tsawa a hankali: "Kul! In ka leƙa, kai ma namiji ne, kuma na rantse. Yanzu idona kaɗai ya gani, ni kuwa matata ce."

Daga baya na sami birkilan na tambaye shi. Ko a jikinsa. Ya ce, "Ai taimakonka na yi. Wa ke kafa taga gangarenta na kallon cikin ɗaki? Ruwan sama ya riƙa zubo wa Alhaji? Na ga ka yi kuskure ne na juya maka ita." Kuma abin haushin, a ilminsa na gini gaskiya ya faɗa. Shi ruwa yake tunani. Ba wanda ya gaya masa cewa bakin kwano ya sauko ya kare tagar, ba wanda ya gaya masa cewa ba don ruwa aka yi ta ba. Wanda ya kamata ya gaya masa yana Sheme yana zana wa direba dawisu.

Na ce wa Malam, "Baba, a aika ta shiga ɗaki na ɗan lokaci, in cire in juya." Ya ce, "A'a. Wata biyu tana ɗaka. Yau ta hito bisa maganata, ni kuma bisa maganarka. In na ce ta koma, ba ta ƙara hitowa har ta mutu. Yi aikinka, ni na riƙe." Na ce to bari in kafa ƙusa biyu a rataya rigar. Ya ce ya daina yarda da abin da kafinta ya kafa a yau.

Allah ya taimake ni simintin kwana ɗaya ne, bai gama kamawa ba. Na durƙusa na riƙa zura cizal, ƙarfen sara, ta ƙarƙashin rigar ina sara a hankali, kaina a sunkuye, ina lalube da yatsa. Gefe da gefe na yi su a tsaye, fuskata a manne da bango. Na sama kuwa sai da na hau kujera na rufe ido. Ku da kuke cewa ba wuya, ku gwada sara siminti ido a rufe, kusa da allon da kuka yi kwana goma sha tara a kansa, ga yatsun dattijo a gefen bakin cizal. Zufa ta jiƙe ni sharkaf. Shi kuwa hannayensa a sama, bai sauke ba. Sau ɗaya na ce ya huta in riƙe masa. Ya ce, "Ka riƙe da mi? Da hannun da ke aiki?"

Da allon ya saki, na rungumo shi na juya wa tagar baya. Malam ya tura rigar cikin ramin tagar ya baza ta a bakin waje, iska tana kaɗa ta tana neman fizge ta. Sai ga matsala: babu siminti, babu ruwa, kuma babu wanda zai iya sauka a cikinmu. Sai Malam ya ɗaga murya ya kira sunan da rabonsa da shi wata biyu, sunan da suke kiran juna tun wurin kiwo: "Lawwali! Kawo siminti da ruwa, ka aje bakin ƙohwa. Kai da kanka, kada ka aiko kowa." Ban san abin da Alhaji ya ji a muryar ba. Can sai ga ƙarar kwano a matakala. Alhaji Lawal, mai bene, mai motoci uku, shi ya hauro da kwanon siminti a ka, rigarsa ta shadda duk ta yi fari. Ya ajiye a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Isiyaku, hannunka bai gaji ba?" Malam ya ce, "Ya gaji. Tahi."

Na juya allon, na shafa ramukan da yatsa har sau uku don in tabbata. Na ɗaga shi na shigar, Malam yana zare rigar kaɗan kaɗan ta gefe. Bakin hannunta ya maƙale, ya ja, ta yage. Na buga 'yan katakai na matse allon, na cika gefe da siminti. Kafin in gama ana kiran azahar, ga taurari sun zubo a daɓe reras.

Malam ya sake sa ido. Ya bi ramukan, na sama, na tsakiya, ya durƙusa da ƙyar ya duba na ƙasa, ya koma gefe ya karkata kai. Sannan ya ce, "To, yanzu diba." Na duba. Sama ce kawai, da gajimaren farkon damina, da wata shirwa tana shawagi. Daga ƙasa kuwa ina jin sautin taɓarya, da muryar tsohuwa tana yi wa kaji faɗa. Ban ga kowa ba.

Da ya zo sa riga sai hannayen suka ƙi lanƙwasa. Ni na zura masa ita kamar ƙaramin yaro, ga yaga, ga ƙurar siminti. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce, "Da mai gari ya riga ni taki ɗaya, da yanzu ina ɗaure ma jaki kaya." Muka kama matakala, yana dafe da kafaɗata. A tsakiya ya tsaya ya huta, ya yi magana ƙasa ƙasa kamar ba da ni yake ba: "Shekara arba'in da biyar muna tare. Ban taɓa ganin ta ita kaɗai ba, ba ta san ana kallo ba. Ashe waƙa take ma gwiwar nan tata in tana shahwa mata mai." Ya yi 'yar dariya, ya share ido da yagaggen hannun rigar. "Kada ka hwaɗa ma kowa."

Da la'asar mai gari ya duba, liman ya duba, aka yi addu'a, aka miƙa wa Alhaji makullinsa. Ba wanda ya tambayi abin da ya sami rigar Malam. Tagar nan ta jawo mini aiki har Daudawa da Sabuwa, don bene ya fara yawa, kuma kowane bene yana da maƙwabci. Na yanka irinta sun fi talatin, kuma babu guda da wani hannu ya kafa mini. Ko zazzaɓi nake yi sai na hau na sa idona a ramin ƙarshe.

Ban faɗa wa kowa ba sai yau, da duk suka riga mu gidan gaskiya. Nasiru ya saurara har ƙarshe, ya juya fulawarsa a hannu, ya ce, "To Baba, su Malam ɗin sun tashi daga baya?" Na ce a'a. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a gidan ubansa, daga nan aka ɗauke shi. Inna Hajo ta riga shi da damina biyu. Surukarta ta gaya wa matata cewa da hantsi ta cika, a tsakar gida, a kan tabarmarta, rana tana dukan gwiwar.